Yawan ambato a mujallun aikin zuciya ba shi ne ma'aunin amfani a Garwa da Injamena ba

Wani irin rubutu ya yawaita a mujallun likitanci a 'yan shekarun nan. Mai bincike ya shiga rumbun Scopus ko Web of Science, ya kwaso dubban maƙaloli kan aikin zuciya da ake yi ta siririn bututu ba tare da an tsaga ƙirji ba, ya zuba su a manhajar VOSviewer, sai ga taswira mai launi-launi tana nuna wa aka fi ambata, wace ƙasa ce a gaba, wane batu ne ke tashe. Amsar kusan kullum ɗaya ce: Amurka a sama, sai Yammacin Turai, Japan da Koriya ta Kudu, ga China tana hawowa da gudu. Ƙasashen kudu da Sahara kuwa, in an cire Afirka ta Kudu, sai ka ƙura ido kafin ka hango ɗigonsu. Matasan likitocinmu a Garwa, Marwa, Ngaundere da Injamena suna ganin wannan taswira, wasu kuma suna ɗaukar ta a matsayin jerin abin da ya cancanci a yi bincike a kai. A ganina kuskure ne mai tsada, domin taswirar tana nuna inda kuɗi da kayan aiki suke, ba inda majinyatanmu suke ba.

Ya kamata a fara sanin yadda ake lissafin. Ma'aunin tasirin mujalla, wanda Eugene Garfield ya assasa, ana samun sa ne ta ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalolin da mujalla ta buga a shekaru biyu da suka gabata, a raba da yawan maƙalolin. Shi kuma ma'aunin h, na Jorge Hirsch na 2005, in an ce na mutum 20 ne, yana da maƙala 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20. Lissafin ba ya ganin komai sai mujallun da ke cikin rumbun, don haka yawancin abin da ake bugawa da Faransanci a Yawunde ko Dakar, da kundayen kammala karatun likita da ke jibge a ɗakunan karatu, kamar ba a taɓa rubuta su ba. Kuma lissafin bai san yabo da suka ba. Wata raga mai narkewa da ake sa wa a jijiyar zuciya don ta zauna a buɗe, Absorb, ta sha ambato lokacin da ake murna da ita, ta kuma sha ambato lokacin da gwaje-gwaje suka nuna jini ya fi daskarewa a cikinta fiye da ragar ƙarfe, har kamfanin ya daina sayar da ita a 2017. Duka an ƙirga mata su a matsayin tasiri.

Tarihin fannin ya bayyana sauran. Andreas Grüntzig ya buɗe jijiyar zuciya da balan-balan a Zurich a watan Satumba na 1977. A 1986 Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Suwizalan suka sa ragar ƙarfe, wato sitent, a jijiyar zuciya. A 2002 Alain Cribier ya dasa sabuwar ƙofar babbar jijiya ta bututu a birnin Rouen. Kowane mataki ya zo da na'urar sayarwa, kowace na'ura da kamfanin da zai biya kuɗin gwaji kan dubban mutane, kowane gwaji kuma ya haifi ɗaruruwan ƙananan maƙaloli masu ambatar sa. Shi ya sa dashen ƙofar babbar jijiya ya mamaye manyan mujallun fannin tun bayan gwajin PARTNER na 2010. Ƙuncin wannan ƙofa ciwo ne na masu shekara 75 zuwa sama, alhali fiye da rabin mutanen Cadi ba su kai 18 ba.

Ba cewa ake yi a daina karanta su ba. Wasu daga cikin gwaje-gwajen da aka fi ambata sun fi amfanar mu fiye da waɗanda suka yi su. COURAGE na 2007 ya bi mutum 2,287, ISCHEMIA da aka buga a 2020 ya bi 5,179, kuma dukansu sun nuna cewa mai ciwon ƙirjin da ke zuwa in ya motsa ya lafa in ya huta, sa masa sitent bai rage mutuwa fiye da magani mai kyau ba. Sitent yana rage zafin ƙirji, wannan gaskiya ne, kuma binciken bai haɗa da masu toshewar babban reshen hagu ko masu zuciyar da ta yi rauni sosai ba. Amma ga Alhajin da 'ya'yansa ke shirin sayar da shanu su kai shi Tunis ko Indiya, wannan sakamako yana nufin a fara tsayawa kan asfirin, maganin rage kitsen jini, daidaita hawan jini da sukari, da barin taba, a ga abin da zai rage na ciwon. Likitan da ya iya karanta wannan ya ceci dukiyar gida guda.

Matsalar tana wajen abin da babu a jerin. Binciken THESUS-HF na 2012 ya tattara mutum 1,006 da aka kwantar da gazawar zuciya a ƙasashe tara na Afirka, har da Kamaru da Najeriya. Hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin ɗari, lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na yarinta kashi 14, toshewar jijiya ba ta kai kashi 8 ba. Toshewar jijiya tana ƙaruwa a biranenmu tare da ciwon sukari da ƙiba, kuma rashin na'urar gwaji yana ɓoye wani sashe nata, amma har yanzu gadajen asibitocinmu ba ita ta cika su ba.

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin haihuwa ya san wannan majinyaciyar. Shekararta ashirin da 'yan kai, ciki wata shida, ba ta iya kwanciya sai ta jingina da matashi uku, tari da dare, wani lokaci da ɗan jini. An ba ta maganin asma, an gwada ta tarin fuka, har aka samu mai ɗora mata na'urar hoton zuciya. Ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu, wadda faɗinta ya kamata ya kai murabba'in santimita 4 zuwa 6, ta koma 1, irin lalacewar nan ta bayan ciwon maƙogwaro na yarinta. Aikin da take buƙata na bututu ne, kuma tsoho ne: likitan Japan Kanji Inoue ya bayyana shi a 1984. Ana shiga ta jijiyar matsematsi zuwa ɗakin dama na sama, a huda bangon da ya raba shi da na hagu da doguwar allura, a zura balan-balan cikin ƙofar da ta manne, a riƙa hura shi kaɗan-kaɗan ana duba hoto bayan kowane huri. Girman balan-balan daga tsawon mutum ake fitar da shi: a raba santimita da goma a ƙara goma, mai tsawon 160 ke nan milimita 26. Ana tsayawa in faɗin ya haura 1.5, ko in ƙofar ta fara yoyo. Ga mai ciki an fi so a yi bayan mako na 20. Abin tsoro uku ne. Allura ta kauce ta huda bangon waje jini ya taru ya matse zuciya. Ƙofar ta yage maimakon ta rabu a mahaɗarta, sai an yi tiyatar gaggawa. Ko gudan jinin da ke ɓoye a ɗakin hagu ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake fara leƙa ɗakin da hoto ta maƙoshi. In ya yi kyau, mace ta tashi ba ƙarfe a zuciyarta, ba kuma dole ta sha maganin tsinka jini har ƙarshen rayuwa ba sai in bugunta ya riga ya rikice.

Wannan aiki ba ya kan gaba a taswirar ambato, don ƙasashen da ke buga mujallun sun kusa rabuwa da ciwon. Amma duba abin da ke faruwa duk lokacin da aka yi tambayar a inda ciwon yake. REMEDY na 2015 ya yi rajistar masu wannan ciwo mutum 3,343 a Afirka, Indiya da Yaman, ya nuna rabinsu ba su wuce shekara 28 ba, mata sun fi yawa, kuma kaɗan ne suka samu aikin da suke buƙata. INVICTUS na 2022, mai mutum sama da 4,500, ya zo da abin da ba a zata ba: ga masu wannan ciwo da bugunsu ya rikice, tsohon maganin tsinka jini irin warfarin ya fi sabon, rivaroxaban, rage mutuwa. Da mun tsaya ga gwaje-gwajen Turai, da mun ɗora talakawa kan magani mai tsada wanda ya fi muni. A Gulu ta Uganda kuma an nuna cewa allurar fenisilin ta wata-wata ga yaran da hoto ya gano ciwon tun yana ɓoye ta rage ci gabansa daga kashi 8 cikin ɗari zuwa ƙasa da 1 a shekara biyu.

Haka batun bugun zuciya na gaggawa, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya. Ƙa'idar Turai ta ce in za a iya buɗe jijiya da bututu cikin minti 120 daga gano ciwon, a yi. In ba haka ba, a ba da maganin narkar da gudan jini nan take. Daga Marwa zuwa Garwa kaɗai ya haura kilomita 200, daga Ngaundere zuwa Yawunde kwana ake yi a jirgin ƙasa, cibiyar zuciya ta Shisong da aka buɗe a 2009 tana Kumbo, cikin yankin da rikici ya addaba. Mutumin Mokolo ko Mundu, maganar minti 120 ba tasa ba ce. Tasa ita ce a ɗauki ECG, wato awon lantarkin zuciya, cikin minti 10 da isowarsa maimakon a ce gyambon ciki ne, a ba shi asfirin ya tauna, kuma in bai wuce awa 12 da fara ciwon ba, babu tarihin zubar jini a ƙwaƙwalwa ko shanyewar jiki ta kwanan nan, a ɗaura masa maganin narkar da gudan jinin, streptokinase, yunit miliyan 1.5 cikin minti 30 zuwa 60, ana lura da awon hawan jini don yakan faɗi a tsakiyar ƙarin. ISIS-2 ya tabbatar da amfanin haɗin nan tun 1988, kan mutum sama da 17,000. Abin da muke buƙatar a auna shi ne makomar wanda aka yi wa wannan sannan ya isa ɗakin bututu bayan kwana biyu ko mako guda, da kuma mutum nawa ke ci gaba da shan clopidogrel, maganin hana jini daskarewa a sitent, har wata 12 bayan sun dawo da sitent daga waje. Wanda ya yanke maganin a watannin farko don kuɗi ya ƙare, sitent ɗin na iya toshewa lokaci guda. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ta haɗa ƙananan asibitoci da manya a kan irin wannan tsari, ta auna, ta buga a 2017.

To me ya hana? Kafin alƙalami ne ke juya akalar malamin jami'a. Ƙarin girma, ko ta hukumar CAMES mai tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci ko ta kwamitin jami'o'in Kamaru, yana tafiya da abin da mutum ya buga, kuma rahoton majinyaci ɗaya mai ciwon ban mamaki ya fi saurin fita a kan bin mutum 300 na shekara biyu. Ga kuɗin bugawa: mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021 ga mai son kowa ya karanta kyauta, sama da sefa miliyan 6. Manyan mujallu da yawa suna yafe wa ƙasashe irin Cadi, amma sai wanda ya sani ya nema tun lokacin miƙa maƙala. Wanda bai sani ba yakan faɗa hannun mujallun bogi masu aiko saƙon imel suna alkawarin bugawa cikin mako guda, ya biya, aikin ya nutse inda ba mai gani.

Maƙwabtanmu sun nuna abin yana yiwuwa. Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashe shida har da Kamaru, ya kwatanta haɗin magungunan hawan jini masu araha kan mutum 728, ya nuna haɗin da ke da amlodipine ya fi, ya fito a New England Journal of Medicine a 2019. Rajistar PEACE da Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ta sake duba ciwon zuciyar masu jego, wanda tun binciken Zariya na shekarun 1970 ake danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Babu ɗayansu da ya buƙaci ɗakin bututu.

Rajistar ƙofofin zuciya da za ta haɗa asibitocin Garwa, Marwa, Kuseri da Injamena tana buƙatar na'urar hoto mai ɗaukuwa, takarda ɗaya da kowa zai cike iri ɗaya, amincewar kwamitin ɗa'a a ƙasashen biyu, da ma'aikacin jinya da aka ware wa albashi don bibiya kawai. Inda irin wannan aiki ke mutuwa sananne ne. Ana rubuta lambar waya ɗaya, bayan wata shida layin ya mutu, don haka a karɓi uku, har da ta miji ko wa da ta mai unguwa, wanda ke tsallaka gadar Kuseri kuma a rubuta layinsa na Kamaru da na Cadi. Ana ƙiyasta shekaru da ido, sai kowa ya zama mai 30 ko 40. Likitoci biyu suna auna ƙofa ɗaya su samu lamba biyu, sai an ajiye hotunan wani na uku ya sake dubawa. Wanda ya rasu a ƙauye ana rubuta shi a matsayin wanda ya ɓace, sakamakon ya fito da kyau fiye da gaskiya. In kuma abokan aiki daga Turai za su kawo kuɗi, a rubuta tun kafin majinyaci na farko wa ke riƙe da bayanan, sunan wa zai zo farko da ƙarshe a maƙala, domin a taswirorin nan sau da yawa ƙasar marubucin da ke amsa wasiƙu ake bai wa aikin, ko da a Marwa aka ga majinyatan duka.