Ranar da na rage wa jarida nauyi

Kun dai san aikin rabon jaridar nan da na kama shekarar da na zo Amurka, wanda ake tashi ƙarfe uku na dare. To abin ya faru ne ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba, ranar bikin Godiyarsu.

Na isa wurin ɗauka, na tarar jaridar ta kumbura kamar mai cikin wata tara. Takardun tallan shaguna ne masu sheƙi aka cusa mata, saboda washegari ce Black Friday, ranar da shaguna ke yin babban rangwame. Ledar da muke sakawa ta ƙi ɗauka, sai da na yage uku. Nan wayo ya zo mini: ai labari mutane ke saya. Na riƙa zazzage tallan a bayan mota, in naɗe jaridar siririya, in cilla ƙofar gida. Har ina tausaya wa sauran masu rabo da ba su da basira irin tawa.

Na yi gida wajen arba'in, sai na hango wata tsohuwa a madubi, da rigar barci da silifas, cikin wannan sanyi, tana ɗaga jarida sama. Na tsaya, na sauke gilashi, har da murmushi, don na ɗauka tukuici ne.

"Ina sauran?" in ji ta.

Na ce, "Ai ga ta nan cif, har shafin wasanni."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta buɗe jaridar, ta girgiza ta a gaban hancina. Ba abin da ya faɗo. Ta sake girgizawa, a hankali wannan karon, don in gani da kyau. Sannan ta leƙa kujerar baya, inda tallan ya yi tudu, ta miƙo mini labaran duniya gaba ɗaya ta taga, ta ce in riƙe, ita wancan take so. Na fito ina tsinto mata ɗaya bayan ɗaya, tana cewa saura na kayan wuta, saura na takalma.

Duk wannan a gaban maƙwabcinta mai kare. Mutumin nan ban taɓa ganin ya gaida kowa ba, wata biyu ina wuce shi. Ranar kuwa har da zama a kan matakala, da kofi a hannu. Karen ma ya daina haushi, ya zauna kallo. Kuma na tabbata maƙwabcin ne ya kira ofis, don tsohuwar ba ta da lokacin waya, tana can tana yankan takardun rangwame.

Oga bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Zaunar da ni ya yi kamar ɗan firamare. Ya ce shagunan su ke buga takardunsu, su kawo, su biya jarida a kan kowace dubu da aka cusa, har unguwannin da za a kai suna zaɓa. Fitowar ranar ita ce mafi kauri a shekara, wasu jaridun har ƙara mata kuɗi suke yi. Wato abin da na zubar shi ke biyan albashina.

Na koma gida arba'in ɗin nan da rana tsaka, ina ƙwanƙwasawa. Mai karen yana nan inda na bar shi. Har yau in na goge mota nakan ciro tallan katifa a ƙarƙashin kujera.