Turkiyya na da na'urori, amma ginshiƙi ne ya kashe mutane

Duk lokacin da ƙasa ta motsa a gida, kamar a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016 ko Mpape ta Abuja a 2018, kukan da ake yi ɗaya ne: a sayo na'urorin auna girgizar ƙasa. Mu da ke zaune a Turkiyya mun ga iyakar abin da na'ura ke iyawa.

Nan AFAD, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasar, da cibiyar binciken girgiza ta Kandilli suna da ɗaruruwan tashoshin auna girgizar ƙasa. Girgiza na turo igiyar motsi iri biyu: ta farko mai gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, ta biyu mai kusan 3.5, kuma ita ce mai ɓarna. Tazarar isowarsu ke nuna nisan inda abin ya faro, tashoshi uku kuma su nuna wurin. Idan na'ura ta ji ta farko, ana iya gargaɗi kafin ta biyu ta iso. Amma tsagar Arewacin Anatoliya, wato darewar ƙasa da girgiza ke tasowa daga gare ta, ta bi ta ƙarƙashin tekun Marmara, kilomita kusan 20 daga Santambul. Gargaɗin da za a samu bai wuce 'yan daƙiƙu ba. Ya isa a toshe bututun gas, bai isa a sauko daga hawa na shida ba. Ranar da girgizar za ta zo kuwa, babu na'urar da ke faɗa.

Ranar 6 ga Fabrairun 2023 girgiza mai ƙarfin 7.8 ta afka wa yankin Kahramanmaraş, wata mai 7.5 ta biyo bayan sa'o'i 9, sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya. Dokar gini tana nan, an ma sabunta ta a 2018, shekarar da gwamnati ta yafe wa gine-ginen da aka yi ba izini. Abin da aka tarar a ɓaraguzai: hawan ƙasa an mai da shi shaguna, ba bangon da zai tokare, kankare marar ƙwari, rodi mai santsi, zoben da ke ɗaure rodin ginshiƙi an lanƙwasa bakinsa digiri 90 maimakon 135, da ya ji jijjiga sai ya buɗe, ginshiƙin ya fashe, benaye su kwanta kan juna.

Wanne daga ciki ne baƙo a wajen maginanmu? Najeriya ba ta kan gaɓar farantan ƙasa, inda manyan sassan ɓawon duniya ke haɗuwa, girgizarmu ƙanana ce, amma benayenmu ba sa ma jiran girgiza kafin su rushe. A ƙara wa cibiyar sa ido kan girgizar ƙasa da ke Toro ta jihar Bauchi tashoshi, na yarda, don a bambance motsin tsaga da nakiyar masu fasa dutse. Kaso mafi tsoka na kuɗin dai a ba injiniyan da zai duba rodi kafin a zuba kankare, da ikon dakatar da aiki.