Wanda ya dawo bai je ba

Sau bakwai aka turo mini bidiyon mutumin nan da ya ce ya mutu ya je lahira ya dawo, daga daren jiya zuwa safiyar yau. Har a gurup ɗin gidanmu, inda Yaya Babba ya ɗora masa da "Allahu Akbar, a tura wa mutum goma." To na kalla har ƙarshe, data ta minti goma sha ɗaya ta tafi, kuma ga hukuncina: bawan Allahn nan bai mutu ba. Suma ya yi. Doguwar suma, wadda kakanninmu suka san sunanta tun kafin a ƙirƙiro waya.

Wai awa shida ya yi a can. Wai an zaga da shi, an nuna masa wuta. Kuma ikon Allah, duk waɗanda ya hango a ciki mutanen da dama yake jin haushinsu ne tun yana duniya: mata masu bilicin, 'yan TikTok, da samari masu askin banza. Ban ji ya ce ya ga mai cin gadon marayu ba, ko mai tauye mudu, ko wanda ya haɗiye kuɗin maganin asibiti. Da alama ranar ba a buɗe ɓangarensu ba. Sannan a ƙarshen bidiyon ga lambar asusun banki tana yawo a ƙasa. Mutum ya dawo daga lahira da akawun namba!

Jama'a, wanda ya dawo bai je ba. Ba ni na faɗa ba, ku buɗe Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100. Idan mutuwa ta zo wa ɗayansu sai ya roƙi a mayar da shi ko ya gyara abin da ya bari, sai a ce masa a'a, kuma a bayansu akwai barzahu har ranar da za a tashe su. Ina wurin da aka ce ban da mai bidiyo? Na san wani zai kawo mini mutumin Suratul Baƙara da Allah Ya kashe shekara 100 sannan Ya tashe shi, ko matattun da Annabi Isa (AS) ya rayar da izinin Allah. Waɗannan Alƙur'ani ne ya ba mu labarinsu, shi ya sa muka gaskata. Na mutumin nan kuwa, shi ne mai labarin, shi ne shaida, shi ne kuma mai karɓar kuɗin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yan bokonmu da suka shigo suna cewa ai har Turawa sun tabbatar, kimiyya ta gano akwai lahira. Wace kimiyyar? Bari in gaya muku abin da Turawan suka yi, tunda su ne hujjarku.

Wani Ba'amurke, Raymond Moody, shi ya tattara labaran irin waɗannan mutane ya sa wa abin suna a 1975. Labarin kusan ɗaya ne: rami mai duhu, haske a ƙarshensa, natsuwa, ganin 'yan'uwan da suka rasu, wani ma ya ce ya tashi sama yana kallon gangar jikinsa a kan gado. A 2001 wani likitan zuciya a Holan, Pim van Lommel, ya fitar da bincike kan mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su. 62 ne suka ce sun ga wani abu. Sauran 282 fa? Duhu kawai, ba su tuna komai ba. In ƙofar lahira ce ake leƙawa, su waɗannan mai gadi ne ya hana su?

Sai Dakta Sam Parnia da abokan aikinsa suka yi dabara mai kyau. A asibitoci 15 na Ingila da Amurka da Ostiriya, suka kafa kantoci can sama kusa da silin, suka ɗora hotuna suna kallon sama, yadda wanda ke tsaye a ƙasa ba zai gan su ba, sai wanda da gaske ya tashi yana shawagi. Suka bi mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya. Da sakamakon ya fito a 2014, ko mutum ɗaya bai faɗi hoton da ke kan kanta ba. E, na sani, yawancinsu sun faɗi ne a ɗakunan da ba kantar. E, akwai wani mutum a Southampton da ya ba da labarin ƙarar na'urar da aka farfaɗo da shi da ita da mutanen da ke ɗakin, kuma aka duba aka ga haka ne. Madalla. Ɗakin asibiti ya siffanta, ba Siraɗi ba.

Shi fitar ruhi daga jiki da ake ta zuzutawa, a 2002 likitoci a Siwizalan, ƙarƙashin Olaf Blanke, sun taɓa wani gefe na ƙwaƙwalwar wata mai farfaɗiya da ɗan ƙaramin lantarki, sai ta ce tana ganin kanta daga sama. A cire, ta dawo. A mayar, ta sake tashi. Matuƙan jiragen yaƙi da ake juyawa a na'urar horo har jini ya bar kansu, su ma ganinsu tsukewa yake kamar suna leƙen rami, wasu har da ɗan gajeren mafarki. A 2013 a Jami'ar Michigan an ga ƙwaƙwalwar ɓeraye tana tashi da aiki mai ƙarfi cikin daƙiƙa 30 bayan tsayawar zuciya. Kun ga fitila 'yar ƙwai idan kananzir ya ƙare, yadda takan yi wal kafin ta mutu? To kusan haka.

Kuma ku lura, kowa lahirar garinsu yake gani. Kiristan Amurka ya ga Yesu. A Indiya, mabiya Hindu da yawa sun ba da labarin manzannin Yama, abin bautarsu mai kula da mutuwa, sun ɗauke su, aka duba littafi aka ce kuskure aka yi, mai irin sunansu ake nema, a mayar da su. Namu kuma ya ga fararen kaya da rawani. In kun karɓi labarin namu a matsayin hujja, da wane baki za ku ƙi na Bahinde? Akwai yaron nan Alex Malarkey da ya yi haɗarin mota a 2004 yana ɗan shekara 6, aka yi littafi da sunansa cewa ya je aljanna ya dawo, aka sayar kamar ƙosai. A 2015 ya fito da kansa ya ce bai mutu ba, bai je ko'ina ba.

Kada wani ya ce ina ƙaryata kowa. Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, ta yi irin wannan. Ina ɗan aji huɗu a firamare, zazzaɓi ya kwantar da ita, wata asuba aka ce ta cika. An rufe ta da zane, an aika a gaya wa liman, an ɗora ruwan wanka a murhu, mata sun fara salati a tsakar gida. Ƙanwar mahaifiyata ce ta shiga ɗauko tabarma ta ga ɗan yatsan ƙafarta yana motsi. Zuwa hantsi Inna tana zaune an jingina ta da bango tana neman goro. Daga baya ta ce ta ga mahaifiyarta a bakin rafin ƙauyensu da ƙwarya a ka, ta ce mata koma, ba ki gama ba. Har ta rasu da gaske, shekara goma sha ɗaya bayan nan, in tana ba da labarin sai ta yi hawaye, kuma tsoron mutuwa ya fita daga ranta. Ban taɓa tunanin ƙarya take ba. Ta ga abin da ta gani. Amma ko sau ɗaya ba ta ce ta mutu ba. Cewa take, "lokacin da na yi doguwar suman nan." Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta fi mai bidiyon nan sanin tauhidi.

Ni na yi imani da lahira, da kwanciyar kabari, da hisabi, kuma ba wani majinyaci ne ya leƙo ya ba ni rahoto ba. Farkon Baƙara ma da masu imani da gaibu aka fara. Da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da ruhi, amsar da ta sauka ita ce ruhi daga al'amarin Ubangiji yake, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Wanda ya jingina imaninsa da bidiyo, ranar da mai bidiyon ya fito ya ce wasa yake, ina zai kama? Masu cewa "ai ko ƙarya ce tana sa mutane tuba", haka aka ce da takardar wasiyyar Shehu Ahmad mai gadin masallacin Madina, wadda ake ta kwafa ana rabawa tun muna yara, malamai irin su Bin Baz suka ce ƙirƙirarriya ce, amma har gobe tana yawo.

Af, tunda maganar ta kawo mu nan. Mutanen can da ake farfaɗowa har su ba da labari, danna musu ƙirji aka yi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, har zuciya ta tashi. Mu fa? Makon jiya wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a bakin tasha ina tsaye. Wani ya kwara masa fiya wata biyu, wata ta ce a kawo albasa a shaƙa masa, mutum wajen ashirin sun zagaye shi sun tare iska, rabinsu waya a sama. Ni ma da nake wannan dogon surutun tsayawa na yi, don ban taɓa gwadawa a jikin mutum ba, a bidiyo kawai na gani. Wani mai Keke Napep ne ya ɗauke shi, ko kuɗi bai tsaya tambaya ba. In akwai ma'aikacin jinya a cikinku da zai koya mana ranar Asabar bayan la'asar, ni zan kawo tabarmi da zoɓo. Yaya Babba, har da kai.