Kunyar dangi ce ke ƙera marin da ke ƙafar mara lafiya

A Yamai, idan wani ya yi maganar da ba ta da kan gado a fada, sai ka ji an ce a kai shi Pavillon E, a kwashe da dariya. Sunan sashen masu taɓin hankali na babbar likitar ƙasa ya zama abin zolaya, kuma a ganina wannan dariyar tana cikin abubuwan da ke sa iyali su kulle ɗansu a ƙuryar ɗaki shekara da shekaru maimakon su kai shi wurin lokotoro.

Cutar da masana ke kira sikizofireniya tana kama kusan mutum 1 cikin 300 a duniya, wato kimanin miliyan 24 a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022, kuma ta fi bayyana daga ƙarshen samartaka zuwa shekaru ashirin da ƴan kai. Saurayin da ya fara jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ko ya ƙi cin tuwon mahaifiyarsa don ya tabbata an sa masa guba, a cikin tsoro yake rayuwa dare da rana. Mu kuwa sai mu ce jifa aka yi masa, ko iskoki ne, ko tramol ya sha. Ƙwaya tana rikita ƙwaƙwalwa, babu musu, amma da yawan masu wannan cuta ba su taɓa ko kallonta ba.

Ba na ja da addu'a ko ruƙiyya, domin babu abin da ya hana a haɗa su da magani. Abin da ke ci mini rai shi ne jinkiri. Ana yawo daga malami zuwa boka, ana sayar da awaki, ana ɓoye zancen don kada ƙannensa mata su rasa mijin aure, har ciwon ya yi jijiya, daga nan a sa masa mari. Alhali maganin da ke kwantar da waɗannan alamu yana hannun likitoci tun 1952, lokacin da aka fara amfani da shi a Faransa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiyar alamunsu kan gushe ɗungurungum.

Akwai kuma kuskuren da ake yi bayan an kai shi likita. Tsofaffin magungunan kan sa jiki ya sandare, hannu ya yi rawa, yawu ya zuba, sai dangi su ce allura ta lalata shi, su daina ba shi, ciwon ya dawo. Lokotoro yana iya rage maganin ko ya sake wani, muddin an koma an faɗa masa. Wanda ya taso daga ƙauyukan Tawa kuwa, kuɗin mota kaɗai kan hana shi komawa, shi ya sa ya kamata a samu wannan magani da ma'aikacin da ya san shi a likitar kowace gunduma.