Waken Zariya ba zai tsaya neman biza a Ƙonni ba

Duk lokacin da aka tada zancen OGM, wato irin shuka da aka sauya ma ƙwayar halitta, a Tawa sai ka ji mutane sun rabu biyu, wasu na cewa guba ce Turawa suka ƙulla mana, wasu kuma kamar an samo maganin yunwa gaba ɗaya. Ni dai ina ganin gardamar ta yi nisa da gona.

A ƙarshen 2019 Najeriya ta fitar da wani wake mai suna SAMPEA 20-T, aikin cibiyar binciken noma ta IAR ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, Bt, aka sa ma waken don ya kashe tsutsar nan Maruca mai cin fure da kwanso. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas sai ya koma sau biyu. Duk wanda ya taɓa goya famfo da rana tsaka, ba takalmi ba ƙyallen rufe hanci, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle kuɗin magani.

To tsakanin Illela ta Najeriya da Ƙonni ta Nijar tahiyar minti nawa ce? Iri a tiya yake yawo, a buhun ɗan kasuwa, a hannun dangi, ba wanda zai tsaya ya tantance ƙwaya ɗaya-ɗaya, kuma Nijar ita ke bin Najeriya a noman wake a duniya. Shi ya sa na ce gara INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ta gwada waken nan a fili a ƙasarmu, a gaya ma manoma sakamakon da Hausa a rediyo, a rubuta a jikin leda abin da ke ciki, da a bar mu cikin duhu muna ta musu a WhatsApp.

Masu tsoro ma suna da hujja fa. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, a 2016 ta watsar saboda zaren ya gajarce, darajarsa ta faɗi a kasuwa. An yi gaggawa ne, kuma irin yana hannun kamfanin waje. Tambayar da nake so a riƙa yi kenan: irin na wane ne, kuma manomi zai iya ajiye shi ya shuka baɗi?

Sannan ba duk sabon iri ne OGM ba, nan ake cakuɗa mana zance. Hatsin Chakti da cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, ta fitar a Nijar a 2018 barbara ce ta yau da kullum, yana nuna da wuri kuma yana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Amma ko shi, ka kai shi fakon Adar inda ruwa ke gudu ya bar ƙasa a bushe, in ba a haƙa ramukan tassa ko na rabin wata masu tare ruwa an zuba taki ba, asarar iri kawai za a yi.