Gwajin gida daban, zauren jarrabawa daban

Wani labari ya ce ɗaliban digirin jinya ta intanet na cin gwajin share fage amma su sha ƙasa a jarrabawar ƙarshe. Ni dai ban yi mamaki ba. A jami'ar NOUN ma, wato jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, aikin gida maki 30 ne, jarrabawa 70. Ƙanwata nas ce a nan Kaduna, tana irin wannan karatun. Da ta taso aikin dare take yin gwajin a waya, littafi buɗe kan tabarma, ƙawaye na turo amsa ta WhatsApp. A zaure kuwa daga ke sai kwamfuta da agogo. A gida sunan magani kika haddace, can a ba ki nauyin yaro a ce lissafa adadin da zai sha. Yanzu ƙwace littafin nake har ta gama, tana ta yi min gunaguni.