Mohammad Nabi da kurket ɗin da ya fito daga sansanin gudun hijira

A 2008 Afghanistan tana rukuni na biyar na gasar ƙananan ƙasashen kurket (wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da faffadar sanda), tana fafatawa a tsibirin Jersey. Shekara 16 bayan nan, a 2024, ta doke Ostireliya ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya ta T20, wato gajeren salon wasan. Mohammad Nabi yana cikin tawagar farko, yana cikin ta biyu.

An haife shi a 1985 a lardin Logar, yaƙi ya kora iyayensa zuwa Peshawar ta Pakistan, can ya koyi wasan. A 2009 shi aka zaɓa gwarzon wasa a karawar yini guda ta farko da ƙasarsa ta yi a hukumance, da Scotland. Shi ne kyaftin a kofin duniya na 2015, kuma a 2017 ƙungiyar Sunrisers Hyderabad ta saye shi, ya zama ɗan Afghanistan na farko da aka saya a gasar IPL ta Indiya. Duk wannan, ƙasarsa ba ta iya karɓar baƙi a gida, sai dai ta ari fili a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ko a Indiya. Har mahaifinsa an taɓa sacewa a 2013 yana tsaka da jan ragamar tawagar, abin da mu 'yan Arewa ba sai an yi mana bayanin zafinsa ba.

Nan Birmingham da nake zaune, duk yammacin bazara za ka ga yaran Pashtun, ƙabilar da ke Afghanistan da Pakistan, sun naɗe ƙwallon tanis da salatif, sun kafa kwandon shara a madadin sanduna ukun da mai jifa ke hari, sun shiga wasa. Ba koci, ba takalmi na musamman. A ganina nan ne bambancinsu da mu yake. Turawa ne suka kawo kurket Najeriya tun zamanin mulkin mallaka, amma sai ya maƙale a manyan makarantu da kulob na masu hali, bai taɓa sauka layi ba. Yaron Fagge ko Tudun Wada ya san tamaula, ya san langa, ya san dambe. Ka ce masa kurket, ya tambaye ka me ake ci da shi. Kuma fa Najeriya ta samu matsayin mamba mai daraja ta biyu a hukumar kurket ta duniya, ICC, tun 2002, Afghanistan ba ta kai can ba sai 2013. Shekara huɗu kacal bayan haka ta zama cikakkiyar mamba, mu muna nan inda aka bar mu.

Wasu za su ce maƙwabtaka da Pakistan ce ta taimake su. Gaskiya ne, to amma maƙwabci ba ya jefa maka ƙwallo.

Sai dai akwai inda ba zan yi musaya da su ba. Tun da Taliban suka dawo a 2021 aka rufe wa mata ƙofar wasa, yawancin 'yan wasansu mata suna gudun hijira a Ostireliya. Mu kuwa 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a Malesiya a 2025, kuma da wuya ka samu mutum biyu a majalisar mai shayi da suka ji labarin.